Yadda Muka Kusa Korar Likitarmu da Ladabi

A tsaye nake rubuta muku wannan, jama'a, takarda a kan katangar gida, ni kuma ina sauya ƙafa. Ba girman kai ya hana ni zama ba. Wani maruru ne ya rasa inda zai fito mini a duk faɗin jikina sai wurin da ɗan Adam ke zama da shi. An tsaga shi, an ce in haƙura da kujera tukuna.

Yau da safe na manta. Na je teburin maƙwabcina Labo mai shayi, hira ta yi daɗi a kan layin mai na Gidan Rumji, inda aka ce wani ya shiga da gemu baƙi ya fito da furfura, sai kawai na zube a benci da ƙarfina. Ihun da na saki, kajin unguwa sun watse. Na yi tsalle na miƙe ina fifita bayana da hula. Abin da ya ba ni haushi, ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba. Duk wanda ke wurin ya faɗi ƙasa ya durƙusa, kai a sunkuye, har Labo da butar shayi a hannu yana cewa, "Ranka shi daɗe!" Sun ɗauka wani babba ne ya shigo gari. Gwiwoyinsu sun riga sun saba, kuma yadda aka yi suka saba shi ne abin da nake so ku ji.

Kun san tun da dimokuraɗiyya ta shigo aka ce kowa ya buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa. Ma'aikatan jinya, waɗanda mu a ƙauye muke kira likita, tunda duk mai farar riga da allura likita ne a wurinmu, su ma suka buɗe nasu. Suka yi yajin aiki. Suka ce suna son auduga, suna son alkol na wanke ciwo, suna son safar hannu da man motar ɗaukar marasa lafiya. Can a ƙarshe, kamar yadda mutum kan ce "da sauransu", suka ƙara da cewa a riƙa ganin mutuncinsu a wurin aiki.

Manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, suka zauna a buro, wato ofis, mai sanyi suka duba buƙatun nan. Auduga sai an saya. Alkol sai an saya. Mai kuwa su kansu bai ishe su ba. Da suka iso kan mutunci sai fuskokinsu suka washe, don shi ba ya buƙatar babbar mota ta ɗauko shi. Har an kusa rabawa, sai wani mai zurfin karatu a cikinsu ya ce bai dace a ƙara wa mutum abin da ba a san yawan wanda ke hannunsa ba. Sai an auna tukuna. Nan take aka kafa Kwamitin Awon Mutunci, aka ba shi motoci sababbi fil, aka cika su da man da aka ce babu.

Ni a iya sanina da tiya ake auna gero, da gaba ake auna rijiya. Ban san da me ake auna mutunci ba sai ranar da suka iso garinmu, nan gefen Cadakori. Sanda ce, tsayin namiji, an shafa mata fenti: ƙasa kore, tsakiya ruwan ɗorawa, sama ja. Ana kafa ta a ƙofar asibiti. Duk wanda ya zo gaida likita sai a duba inda kansa ya tsaya. In ya durƙusa har kan ya sauka kore, likita na da mutunci. In ya ɗan rusuna, da dama-dama. In ya gaisa a tsaye, an ci mutuncin ma'aikaci, sai a ɗauki mataki.

Shugaban tafiyar, wanda zan kira Mai Girma Sarkin Awo don ban isa in kama sunansa ba, mutum ne mai cika gaban mota shi kaɗai. Yana tafe da Mataimaki, wani dattijo busasshe da bai san wasa ba, aikinsa riƙe sanda da zana alli a inda kan mutum ya kai.

Direbansu ya sha shayi wurin Labo, shi ya ba mu labarin inda suka biyo. A wani ƙauye can wajen Agiye sun tarar da asibitin da ba benci ko ɗaya, marasa lafiya duk a tsugune suna jiran layi. Alli ya ƙare a kan kore. A wani ƙauyen kuma wajen Gazawa sun dace da lokacin gudawa, kowa ya zo a duƙe yana riƙe da ciki, wasu ma da rarrafe. Wurin ne ya zo na ɗaya. Aka yaba wa likitan garin, aka ce ya ci gaba da duk abin da yake yi. Daga nan kwamiti ya gano cewa babban maƙiyin mutunci shi ne benci. Shi ya sa kafin su gaisa da kowa a garinmu suka ɗaure bencinan asibitinmu a saman mota.

Tamu likitar sunanta Zalika. Bazabarma ce, daga can bakin kogi aka turo ta, kuma yaran da ta fara karɓar haihuwarsu a nan yanzu suna lakol, wato makarantar boko. Mu kuwa Gobirawa ne. Wanda ba ɗan ƙasar nan ba bari in gaya masa: Bagobiri da Bazabarme taubasai ne, abokan wasa tun kakanni. Ba mu gaisawa sai da zagi. Mu muna cewa su bayinmu ne, su suna cewa mu ne nasu, har yau ba a raba gardamar ba, kuma wanda ya yi fushi shi ya yi abin kunya. Amfanin abin kuwa, tsakanin taubasai babu kunya. Ciwon da namiji ba zai iya faɗa wa matarsa ba, ko mace ta faɗa wa uwarta, sai a je a faɗa wa Zalika a tsaye, cikin zagi. Ta rama, ta ba da magani, kowa ya koma gida da sauƙi.

Sandar ba ta san wannan ba. Ana kafa ta, sai ga Tsoho a kan jakinsa. Tsoho wani dattijo ne da ake kira da wannan suna tun yana yaro, yanzu sunan ya cim masa. Bai ko sauko ba ya ɗaga murya:

"Ke baiwa! Hito ki ba ubangidanki maganin tari, ko in kai ki kasuwar Cadakori in saida ki in sai goro!"

Zalika ta leƙo da kwanon allura a hannu. "Wa za ya saye ni hannun Bagobirin da kaza ta yi wa tono a fuska? Sauko, tsohon banza, kar ka shafa wa jakin mutane tari."

Mataimaki ya dubi sanda, ya dubi kan Tsoho da ke can sama a bisa jaki, ya rasa inda zai zana alli. Ya ce tun da aka kafa kwamiti ba a taɓa samun rainin da ya zarce tsayin sanda ba. Bayan Tsoho sai Dija mai ƙosai, wadda ta aje wa Zalika kwanon kalaci tana cewa, "Ga shi nan, ci, tunda ku Zabarmawa ba ku iya dahuwa ba." A tsaye ta faɗa. Duk wanda ya zo ranar a tsaye ya yi magana, alli ya yi ta hawa kan ja.

Da na ga abin zai ɓaci, sai na matsa wurin Mai Girma Sarkin Awo na rusuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa wasa ne. Taubasai ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Bagobiri, ni za ka koya wa? Ni ma Bazabarme ne. Kakanka ma gonar kakana ya nome." Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. Sannan ya tuna yana bakin aiki, ya gyara fuska. "Ni na sani, malam. Sanda ce ba ta sani ba, kuma ita aka aiko. Ni rakiya na yo."

Kafin su tafi aka yanke hukunci. Mutuncin Zalika yana cikin haɗari, saboda haka za a ɗauke ta a kai ta inda ake durƙuso. Garinmu kuma ba za a turo masa wani likita ba sai ya koyi ladabi. Amma tunda zamanin dimokuraɗiyya ne, an ba mu damar awo na biyu. Za su dawo ba tare da sanarwa ba.

In Zalika ta tafi, mace mai naƙuda sai amalanke, cikin rairayi, zuwa asibitin da wasu ba su kai ba suka cika a hanya. Mun san wannan hanyar, mun bi ta kafin a kawo mana ita, ba mai son ya sake bin ta.

Tun da aka kawo jam'iyyu, garinmu bai taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Ko liman ya ce a daidaita sahu sai wani ya tambaya sahun wace jam'iyya. Amma ranar an yi taro ƙarƙashin gawo, baki ya zo ɗaya: za mu girmama Zalika ba ji ba gani, safe da yamma, tunda ba mu san ranar da sanda za ta dawo ba. Aka naɗa Labo mai horarwa, don ya taɓa yin sharar buro a Maraɗi, ya san yadda ake lanƙwashe wa manya. Kowace safiya sai ya tara mu gaban teburinsa, ya kwatsa ihu ba zato, kowa ya zube. Wanda ya makara ba shi ba shayi. Tsofaffi masu ciwon gwiwa aka ce su riƙa fitowa daga gida a durƙushe, don kar sauka ta ba su wahala.

Safiyar farko Zalika ta buɗe ƙofa ta tarar da rabin gari a ƙasa. Ta yi dariya har da riƙe ƙyaure. "Alhamdu lillahi! Yau Gobirawa sun gane uwargijiyarsu!" Ta tsaya tana jiran a rama.

Muka amsa gaba ɗaya, "Allah shi ja zamaninki."

Ta ce kunnuwanmu kamar na jaki. Muka ce godiya muke. Ta ce ko tuwonmu kare ba ya ci. Dija ta ciji leɓe har jini ya kusa fita, amma ta ce, "Gaskiya ne, ranki shi daɗe." Zalika ta san dalilin abin, ta ɗauka na kwana biyu ne. Kwanaki suka yi ta tafiya, kwamiti bai dawo ba, ladabi kuma ya kama jikinmu. Dariyarta ta ragu, daga baya ta ƙafe.

Ga kuskuren da ba mu hango ba. Da zarar ka durƙusa wa mace ka ce mata ranki ya daɗe, ta zama kamar surukarka. Wa ke gaya wa surukarsa inda ke masa ƙaiƙayi? Kunyar da ba mu taɓa ji da Zalika ba ta sauko mana gaba ɗaya. A daidai wannan lokacin ne marurun nan ya fito mini. Na lallaɓa asibiti ina tafiya a karkace, na durƙusa da kyar, hawaye na neman zubo mini.

Ta ce, "Iro, me ya kawo ka?"

Na buɗe baki. Na tuna inda abin yake. Na rufe. Na ce, "Ciwon kai, ranki ya daɗe."

"Ciwon kai ne ya sa kake tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya jiya?"

"Saukowa ya yi, ranki ya daɗe."

Ta ba ni ƙwayar ciwon kai. Ba ni kaɗai ba ne. Gari duka ya kamu da ciwon kai. Mai basir ciwon kai, mai ƙazwa ciwon kai, matar da cikinta ya kai wata tara ma ta je ta ce kanta ke sarawa. Ƙwayar ciwon kai ta ƙare a asibiti, ba kan da ya warke, don ba kan da ke ciwo.

Zan tashi ke nan sai ta ce, "Iro, ɗago ka dube ni." Na ɗago. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "Tun da na zo garin nan ban taɓa jin ni baƙuwa ce ba sai yanzu. Da in na fito da safe gari ya zage ni, in san ina da dangi. Yanzu ba na ganin fuskar kowa sai tsakar kansa. Ƙarya kuke mini, ina ganin ciwo a jikinku, kun hana ni taɓawa. In haka za a zauna, ba sai sanda ta kore ni ba. Ni da ƙafata zan shiga motarsu."

Tausayinta ya kama ni har cikin raina. Na nemi zagi guda mai kyau in ba ta, irin wanda zai sa ta ji sanyi, amma horon Labo ya riga ni fita. Na ji bakina yana cewa, "Godiya muke, ranki ya daɗe."

Na samu Labo na ce masa mun shiga uku. In mun zage ta kwamiti ya ɗauke ta, in mun girmama ta ta tafi da kanta.

Ya ce, "A daure dai, Iro. Su zo su auna su tahi, sannan mu zage ta har ta ƙoshi. Ni kaina ina da zagi aje na wajen sati biyu, yana mani nauyi a ƙirji."

"In ta tafi kafin nan fa?"

"To sai mu raka ta tasha da ladabi," in ji Labo. Shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Ranar da kwamiti ya dawo, da hantsi ne. Tun daga nesa aka hango ƙurar motoci, Labo ya kwatsa ihu, gari ya zube. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Maza, mata, liman, mai gari, duk a ƙasa. Hatta awaki sun ga ba kowa a tsaye sun kwanta. Mataimaki ya kafa sanda, ya duƙa yana zana alli a kan kore har bayansa ya ƙage. Mai Girma Sarkin Awo ya hau bayan mota ya yi jawabi. Ya ce garin da ya zo na ƙarshe yau ya doke ƙauyen nan na wajen Gazawa, kuma ba tare da gudawa ba. Ya ce wannan nasara ce ta dimokuraɗiyya. Muka so mu yi tafi, amma hannuwanmu na dafe da ƙasa.

Sai ga Zalika ta fito da akwatinta a hannu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wuri a motarku?"

Ya ce, "Ina za ki, madam? Ai mutuncinki ya cika."

Ta ce, "Shi ya sa. Ya yi mini yawa."

Ba wanda ya ɗaga kai. Ina jin Dija a gefena tana jan majina. Ana cikin haka ne aka ji ƙarar amalanke. Tsoho aka kawo. Aka sauke shi a naɗe kamar tabarma, goshinsa na taɓa ƙasa, gumi na zuba. Mataimaki ya ruga da sanda yana murna, ya ce ga mutumin da ya zarce ja ran nan, yau ya sauka ƙasa da kore, ba a taɓa ganin gyara irin wannan ba.

Zalika ta aje akwati. Ta tsuguna gabansa. "Tsoho, ina ke maka ciwo?"

Da kyar muryarsa ta fito. "Kai... ranki shi daɗe." Hannuwansa biyu kuwa na dafe da mararsa.

Ta dube shi. Ta dube mu. Ta miƙe, ta ɗaure ɗankwalinta a ƙugu, ta ja numfashi.

"Kai tsohon Bagobiri maƙaryaci! Ku a Gobir a ƙasan cibiya ake aje kai? To shi ya sa! Tun da na zo ƙasar nan nake neman inda kuka ɓoye hankalinku, ashe can yake!"

Labo yana yi wa Tsoho alama da ido, yana roƙonsa ya daure. Ciwo zai iya jurewa, amma a zagi Gobir a gabansa ya yi shiru, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya ɗago kai a hankali.

"Ke... baiwar banza! Wa ya ba ki bakin taɓa Gobir? Hitsari na ya tsaya man tun shekaranjiya, ina mutuwa, kina tsaye kina zuba surutu irin na garinku!"

"To haka za ka ce!" in ji Zalika. Fuskarta ta haskaka. "Ku ɗauko mini shi ciki, malalata, ko durƙuson ya cinye muku ƙafafu?"

Mutum huɗu suka miƙe suka ɗauke shi. Da aka ga sun miƙe ƙasa ba ta tsage ba, sai gari duka ya tashi. Abin da aka danne ya ɓalle lokaci guda. Wannan na ihu basir ne, baiwa, ba kai ba! Waccan na cewa ruwa ya fashe mata tun safe, 'yar Zabarmawa sai ta zo ta gani. Ni kaina ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, a gaban liman da surukina, na ce, "Maruru ne! A ɗuwawu! Na dama!" Labo ya sauke zaginsa na sati biyu a numfashi ɗaya, ya jingina da bango yana hamdala.

Mai Girma Sarkin Awo yana bisa mota yana cewa a natsu, a natsu. Sai Dija ta nuna shi da ludayin ƙosai. "Kai kuma babban bawa, wa ya ce ka hau sama iyayengijinka na ƙasa? Da ganin tumbinka, hatsin Gobirawa ka sata!"

Bawan Allah ya yi ƙoƙari, na shaida. Ya haɗiye sau ɗaya, ya haɗiye sau biyu. Daga nan ya sauko, ya naɗe hannun babbar riga, ya shiga cikinmu. Ya zagi zanen fuskarmu, ya zagi jakunanmu, ya zagi furarmu. Muka rama, ya rama, yana dariya har hularsa ta faɗi. Ina jin tun da aka ba shi muƙami bai yini da daɗi irin na ranar ba.

Mataimaki kuwa mutum ne mai riƙon amana. Ya zo a hankali ya kafa sanda gaban maigidansa, ya dubi kawunan masu magana da shi, ya zana alli a kan ja. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mutuncinka yana cikin haɗari. Bisa ƙa'ida kai ma sai an ɗauke ka daga buronka, a kai ka inda ake durƙuso."

Dariyar ta tsaya. "Ina ke nan?"

"Ƙauyen nan na wajen Gazawa, ranka ya daɗe. An ce gudawar ta dawo."

Mai Girma ya karɓi sandar. Ya ɗaga ta sama, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta tun daga ƙasa har sama. Sannan ya sanar, da muryar jawabi, cewa zafin rana ya lanƙwasa ta. Duk awon da aka yi da ita an jingine shi. Za a mayar da ita babban birni, a kafa kwamitin da zai auna ta. Kafin a gama, kowane ma'aikaci ya zauna inda yake. Ku da kuka san yadda gyara ke tafiya a ƙasar nan kun san Zalika za ta tsufa a garinmu.

Suna tada mota muka ji wata doguwar ajiyar zuciya daga cikin asibiti. Can sai muryar Tsoho: "Alhamdu lillahi. Baiwag ga ta iya aiki, na fasa saida ta bana." Da la'asar aka kawo masa jakinsa, ya hau ya koma gida.

Ni sai da aka gama da mai naƙuda layi ya zo kaina. Tunda ba benci, a tabarma ta kwantar da ni rub da ciki. Ba allurar kashe zafi. Ta sa hannunta cikin ledar da ta wanke da sabulu, ta tsaga, tana zagin kakannina ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ihu ina zagin nata. Ban taɓa jin an daraja ni a hannun ma'aikaci irin na wannan lokacin ba. Da ta zo ɗaurewa na waiga, na ga ba auduga ba ce. Wani ƙyalle ne mai zanen furanni, an tafasa shi an yayyanka.

Na ce, "To baiwa, yanzu mutuncin naki ina ya kai a sanda?"

Ta ɗaga ƙyallen ta nuna mini. "Zanen da uwata ta ba ni ne ranar da aka turo ni nan. Shi ya rage, sauran zannuwana duk suna jikinku." Ta ɗaure ciwon, ta ja kullin. "Auduga muka roƙa, Iro."

Ba ta yi dariya ba. Na sa wandona a hankali na fito, ina jin kunyar da ta fi ta marurun.

Bencinanmu dai sun bi kwamiti, an ce ana tsare da su a matsayin shaida. Ni ba sauri nake ba, tunda ko an dawo da su yau ba abin da zan yi da su. Roƙona ɗaya ga masu girma, Allah ya ja zamaninsu: in an gama gyaran sanda za a sake aiko mana ita, hanyar Cadakori ba ta da kyau, rana kuma na nan yadda kuka bar ta. A naɗe ta cikin auduga, da kauri sosai, kar ta sake lanƙwashewa. Sandar za mu kula muku da ita, naɗin kuma mun san wadda za mu ba.